Daga Sassaƙen Katako Zuwa Injin Lesa: Taƙaitaccen Tarihin Ɗab'i

Kafin zuwan ɗab'i, littafi dukiyar masu hali ne, domin da hannu ake kwafe shi. Mutanen ƙasar Sin suka fara sassaƙa rubutu a katako suna bugawa, har wani littafinsu na shekarar 868 yana nan. Wajen 1450, Gutenberg ya ƙera baƙaƙen ƙarfe a birnin Mainz na Jamus, waɗanda ake jerawa, a warware, a sake jerawa. A 1886 injin Linotype ya soma zuba layi sukutum da dalma, jaridu suka yi araha. A 1971 aka haɗa injin lesa a kamfanin Xerox, daga bisani ɗab'i ya iso teburin akawu. To, tun da bugu ya sauƙaƙa, nauyin tantance gaskiya ya koma wuyan mai rubutu.