Mura a yankin noman rani: Alamominta, kula da kai da lokacin zuwa asibiti

Mura cuta ce da ke kama hanci da maƙogwaro. Ƙwayoyin cuta nau'in bairos ne ke haddasa ta, kuma ire-irensu sun haura 200. Yawansu ne ya sa har yau ba a samu allurar rigakafinta ba, ya kuma sa mutum kan warke daga wata ya sake kamuwa da wata. Babba yakan yi mura sau 2 zuwa 3 a shekara, ƙaramin yaro kuwa yakan kai sau 6 zuwa 8.

A ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ruwan Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke ciyar da gonakin rani, mura ta fi yawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Lokaci ne na hunturu, kuma shi ne lokacin da manoma ke sammakon ban-ruwan alkama, tumatir da albasa. Mura kan warke da kanta. Abin tsoro a wannan yanki shi ne a ɗauki wata cuta mai haɗari a matsayin mura, a zauna gida ana jira.

Yadda ake kamuwa

Jama'a na ɗora laifin a kan sanyi da shiga ruwa. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura, sai an samu ƙwayar cutar daga wani. Tana yaɗuwa ta atishawa da tari, da ta hannun da ya taɓa majina ya gaisa da wani, ko ya taɓa kofi da buta. Sai dai busasshiyar iska da ƙura suna busar da fatar cikin hanci, ga kuma cunkoso a ɗakunan da aka toshe saboda ɗari. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaiƙayi da hayaƙin wuraren sarrafa shinkafa, sana'ar da Kura ta yi suna a kanta, su ma suna ƙara tsananta tari.

Alamomi

Alamomi kan bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan kamuwa. Yawanci ana farawa da ƙaiƙayin maƙogwaro, sai atishawa, zubar majina, toshewar hanci, ciwon kai, kasala da tari. Yara kan yi ɗan zazzaɓi. Ciwon ya fi tsanani a kwana na 2 da na 3, sannan ya lafa cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tari na iya ɗan daɗewa. Majina kan yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore. Wannan canji ne da aka saba gani, ba ya nufin ciwon ya rikiɗe.

Kula da kai a gida

Babu maganin da ke kashe ƙwayar mura. Abin da ake yi shi ne sauƙaƙa wa jiki har ya kore ta. A huta, a sha ruwa da yawa, da abubuwa masu ɗumi kamar kunu, romo ko shayin citta da lemun tsami. Zuma tana rage tari, amma kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Babba zai iya kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, ta riƙa share wa jariri hanci kafin ya kama.

Surace kan buɗe hanci na ɗan lokaci, amma kada a yi wa yara, domin tafasasshen ruwa na iya ƙona su. Haka kuma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki; iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Farasitamol yana rage ciwon kai da zazzaɓi. Babba ya sha ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500, da tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. Yawancin ƙwayoyin mura da ake sayarwa a kemis akwai farasitamol a cikinsu, haɗa su da shi na iya lahanta hanta. Ba a ba yara asfirin, kuma ba a ba 'yan ƙasa da shekara 6 maganin tari na kwalba sai da umarnin ma'aikacin lafiya. Mai hawan jini ya nemi shawara kafin ya sha maganin buɗe hanci.

Kafso irin su amoksisilin da tetarasaikilin bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos. Shan su saboda mura asarar kuɗi ce, kuma yana sa su daina aiki a ranar da ake buƙatarsu da gaske. Maganin tari mai kodin kuwa, Gwamnatin Tarayya ta haramta yin sa da shigo da shi tun a watan Mayun 2018.

Cututtukan da ke kama da mura

Zazzaɓin cizon sauro: A yankin ban-ruwa, ruwan da ke kwance a magudanai da gonakin shinkafa yana raya sauro har da rani. Duk zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai juna biyu, a yi masa gwajin jini a ranar. Gwajin gaggawa ba ya wuce minti 20, kuma zubar majina ba ta kore yiwuwar wannan zazzaɓi.

Ciwon huhu: A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance cikin natsuwa. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta haɗari. Haka ma idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa yayin jan numfashi.

Mashaƙo: Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu a ɓarkewar da ta fara a ƙarshen 2022. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, da wata fata mai launin toka a cikin maƙogwaro, na buƙatar asibiti nan take.

Tarin fuka: Tarin da ya kai mako 2, musamman da rama ko gumin dare, a yi gwajin kaki. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe.

Gubar feshi: Manomin da ya fara zubar majina, hawaye, yawu, gumi da amai jim kaɗan bayan feshin maganin ƙwari, ya cire tufafin, ya wanke jiki da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Lokacin zuwa asibiti

A tafi Babban Asibitin Kura ko cibiyar lafiya mafi kusa idan zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ko kunne na ciwo, ko wuya ya sandare, ko ciwon ya haura kwana 10 ba sauƙi. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, ko yaron da ya ƙi nono, ko yake jijjiga, ba a kwana da shi a gida. Tsofaffi da masu asma, ciwon suga ko sikila su ma kada su jinkirta.

Rigakafi

A riƙa wanke hannu da sabulu, a rufe baki da gwiwar hannu yayin atishawa, a sa takunkumi a cikin ƙura da lokacin feshi. A lulluɓe yara da safe da dare, a kwana cikin gidan sauro ko da rani ne, a kuma tabbatar sun kammala alluran rigakafinsu, domin suna ba da kariya daga mashaƙo da wasu nau'o'in ciwon huhu.