Masara a Namtari: Daga Bakin Danga Zuwa Tsakiyar Gona

Tun kakar 2025 gardama ɗaya ake yi daga Namtari da Ngurore da ke kusa da Yola har kasuwannin hatsi na Jimeta. Manomi yana cewa an karya shi, domin buhun masarar da ya haura naira dubu 70 a tsakiyar 2024 ya faɗo ƙasa da rabin haka, taki kuwa bai sauko ba. Ma'aikacin da ke awo da mudu da mai kiwon kaji suna cewa sai yanzu suka sarara. Wasu suna ɗora laifin a kan Gwamnatin Tarayya, wadda a Yulin 2024 ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda aka yi hatsi ɗaya, baƙo ma kuwa, ya zama abincin mutum da kaza da sa a lokaci guda.

Asalin masara kudancin ƙasar Meziko ne, inda aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Bayan 1492 ta ƙetaro teku. Wasu masana sun ce jiragen Fotugal ne suka sauke ta a gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, wasu sun ce ta Masar da hamada ta biyo fatake zuwa Borno da ƙasar Hausa. Ko ta ina ta shigo, ba ta zo da sarauta ba. Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, da lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarce ta a 1851, dawa ce abincin ƙasa. Masara a bakin danga take, inda ake zubar da toka da kashin shanu. A tsakiyar damina ake karyo ta a gasa ko a dafa, ta riƙe yara kafin dawa ta nuna. Haka ta zauna fiye da shekara ɗari bayan Barth.

Cikin shekara ashirin kacal komai ya juya, kuma a nan ne ra'ayoyi suka rabu.

Akwai masu cewa farin 1972 zuwa 1974 ne ya kori mutane daga dawa. Wannan ba ya shiga hankalina. Duk wanda ya taɓa ganin masara ta naɗe ganye bayan mako biyu ba ruwa ya san cewa gero da dawa sun fi ta jimiri nesa ba kusa ba. Da tsoron fari ne ke zaɓa wa manomi iri, da gero ya koma. Akwai masu cewa mata ne suka zaɓe ta, saboda tuwonta fari ne kuma injin niƙa ya sauƙaƙa surfe. Da gaskiya a ciki, amma wannan ya bayyana dalilin da ya sa aka karɓe ta a tukunya ne, ba dalilin da ya sa ta cika rumbu ba. Masana aikin gona kuma sun fi son ba da labarin iri: cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 ta fitar da farar masara mai suna TZB a farkon shekarun 1970, cibiyar IAR ta Samaru ta gwada ta a Arewa, daga baya aka samu nau'o'in da ke jure cutar da ke zana wa ganye fararen layuka, sannan irin aure ya fito a 1984.

Ban raina aikin waɗannan masana ba. Amma ni a ganina takin zamani mai rahusa ne ya naɗa masara. TZB ba ta yin abin kirki a ƙasar da ba a ciyar ba. Ta dace ne da zamanin kuɗin man fetur, lokacin da gwamnati ke ɗauke wa manomi kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin taki. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gwambe da rancen Bankin Duniya, suka zo da malaman gona da hanyoyin karkara da rumbunan sayar da taki. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya biyo da nasa a 1980, kuma kafin shekarun 1980 su ƙare tsarin malaman gona ya kai kowace jiha. Manomin da ya zuba buhun taki biyu ko uku ya ga masara ta ninka abin da dawa ke ba shi, ga ta da saurin nuna, ga ɓawonta yana kare ta daga tsuntsu. Wa zai ƙi?

Hujjata mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru da aka janye hannu. A 1997 gwamnati ta cire tallafin taki, kuma noman masara a Najeriya ya ja baya ƙwarai har zuwa wajen 2000. Irin yana nan, injin niƙa yana nan, masu son farin tuwo suna nan. Taki ne kawai ya yi tsada.

Kaza ta shigo labarin ne ta wata ƙofar. A 1985 aka hana shigo da masara, a 1987 aka hana alkama, sai masana'antun abincin kaji da na fulawa da na giya suka juyo kan manomin Arewa. Yau Najeriya tana noma tan miliyan 11 zuwa 12 a shekara, kuma kaso mai tsoka yana tafiya ne cikin cikin kaji. A Yola ma an buɗe masana'antar abincin dabbobi ta Rico Gado a 2015. Masu turka shanu da raguna don kasuwar Ngurore kuwa da dusar masara suke kiwo. Don haka matar da ta je awo a Namtari ba da maƙwabciyarta kaɗai take takara ba, har da dillalin da ke loda tirela zuwa Ibadan. An ga ƙarfin wannan ɓangare a 2020: a Yuli Babban Bankin Najeriya ya hana dalar shigo da masara, masu kaji suka yi kuka, kafin wata biyu aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. Ban taɓa jin an amsa kukan manomi da irin wannan hanzari ba, kuma abin yana ci mini rai.

A Amurka, wadda ta fi kowa noman masara, dogaron ya wuce nan. Bayan dokokin 2005 da 2007 da suka tilasta gauraya fetur da sinadarin itanol, fiye da kashi ɗaya cikin uku na masararsu mota ce ke sha, wani kaso kuma yana shiga busasshen abincin karnuka da kyanwoyi. A Janairun 2007 talakawan Meziko, mahaifar masara, sun fito zanga-zanga saboda tsadar wainar masarar da suke ci kullum. Mu tamu manufar man tsirrai ta 2007 a kan rogo da rake aka gina ta, ba ta kuma yi nisa ba. Ina fatan duk ranar da aka farfaɗo da ita ba za a kalli masara ba, domin ba mu da rarar da za mu zuba a tanki.

Gonar ita ma ta gaji. Shekara da shekaru ana maimaita masara a wuri ɗaya, wuta-wuta ta samu gindin zama, tsutsar da ke cin zuciyar shuka ta ɓulla a 2016 ta ƙara wa manomi kuɗin magani, ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 ta shanye gonakin fadama. An fitar da masarar TELA a Janairun 2024 don maganin tsutsa, ana ta jayayya a kanta, amma ita ma sai da taki. Shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 ya sayar da buhu a kan naira 5,500. Yau ana maganar dubun-dubai masu yawa, duk da katafariyar masana'antar yuriya ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022. Shi ya sa za ka ji manoma suna shawarar rage masara su ƙara waken suya da riɗi da gyaɗa, waɗanda ba sa cin taki kamar ta, wasu kuma suna neman irin dawa da masakwa a hannun tsofaffin da ba su yar da shi ba.