Zangon da aka raina

Mu da muka tashi a gidajen da ake murɗa rediyo da asuba ana laluben BBC a mita 19 ko 25, mun san gajeren zango. Amma ba mu cika sanin waɗanda suka gano darajarsa ba: masu sha'awa ne da ke harhaɗa na'urar oba-oba a ɗakunansu.

Kafin 1912, kowa a Amurka na iya kafa eriya ya aika saƙo, ba mai tambayarsa takarda. Sai jirgin ruwan Titanic ya nutse a Afrilun shekarar, mutum sama da 1,500 suka halaka. Saƙonni suka cakuɗe a iska, har wasu jaridu suka buga cewa jirgin ya tsira. Aka ɗora wa masu sha'awar laifi. Da hannunsu ko babu, su ne marasa gata. A Agusta Shugaba Taft ya sa hannu a dokar da ta wajabta lasisi, aka kora su mita 200 zuwa ƙasa, zangon da masana suka ɗauka ba ya cin nisa.

Ashe gaba ta kai su. A Nuwamban 1923, Léon Deloy daga Faransa da Fred Schnell daga Amurka suka yi musayar saƙo ƙetaren tekun Atilantika a wajen mita 110. Manyan tashoshi suka bi sawu, kuma ta nan muryar sashen Hausa na BBC ta fara iso mana a 1957.

Lasisin na nan har yau da jarrabawarsa, sai dai Amurka ta cire gwajin Morse a 2007.