Soyayya a Gaban Shari'a: Nazari kan Fim ɗin The English Patient

A shekarar 1996 Anthony Minghella ya fitar da The English Patient, fim ɗin da ya gina a kan littafin Michael Ondaatje na 1992, fim ɗin kuma ya lashe kyautar Oska har tara. Tun lokacin masu sharhi suka rabu gida biyu. Wasu sun ɗauke shi kirarin soyayya, wasu kuma suna zargin sa da wanke maci amana. Matsayin wannan maƙala shi ne, duka ɓangarorin sun tsaya ga labarin, sun bar yadda aka tsara shi. Tsarinsa kuwa na zaman shari'a ne, inda tunanin baya ke tsayawa a matsayin shaida.

Fim ɗin yana tafiya a kan zamani biyu. Dab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a wani kangon gidan ibada a Italiya, Hana, ma'aikaciyar jinya 'yar Kanada, tana kula da wani mutum da wuta ta cinye wa fuska, wanda ya ce ya manta sunansa. Daga nan sai a riƙa komawa ƙarshen shekarun 1930, lokacin da mutumin, Almásy ɗan ƙasar Hungari, yake zana taswirar hamada tsakanin Masar da Libiya, har ya kamu da son Katharine, matar abokin aikinsa. Walter Murch, wanda ya tace fim ɗin, yakan haɗa zamunan biyu da sauti, har ƙarar tsallen Hana a tsakar gida ta rikiɗe ta zama kiɗan hamada. Wato majinyacin ba shi ke kiran abin da ya wuce ba, abin ne ke auko masa.

Ga laifin da ake tuhumarsa da shi. Bayan mijin Katharine ya faɗo da jirgi da gangan, Almásy ya kwantar da ita a Kogon Masu Iyo, da rauni a jikinta, ya bar mata tocila da littafin Herodotus, ya yi alkawarin dawowa. Ya yi tafiyar kwana uku a ƙasa neman taimako, sojojin Ingila suka kama shi saboda sunansa bai yi kama da nasu ba. Da ya kuɓuta, sai ya miƙa wa Jamusawa taswirorinsa don ya samu hanyar komawa, ya tarar ta rasu.

Da a nan labarin ya tsaya, da masu zargi sun yi gaskiya. Amma Minghella ya shigo da Caravaggio, ɗan leƙen asirin da Jamusawa suka yanke wa manyan yatsu, wanda ya ɗora alhakin hakan a kan taswirorin nan. Hannayensa ba sa barin mai kallo ya manta cewa alkawarin da aka cika wa mace ɗaya, wasu ne suka biya kuɗinsa. Madox, aminin Almásy, shi ma ya harbe kansa da ya ji abin da Almásy ya aikata. Sannan ga Hana da Kip, sojan Indiya mai kwance bama-bamai, wanda ya ɗaga ta da igiya cikin coci don ta ga zanen bango. Tasu soyayyar ba ta ci ran kowa ba, kuma da ita ake auna waccan.

Duk da haka, akwai inda shaidar ta yi rauni. Kiɗan Gabriel Yared da kyan hoton rairayi suna sanyaya hukuncin fiye da kima. Almásy na tarihi, wanda ya kai ga kogon a 1933, aiki ya yi wa rundunar Rommel ta Jamus, har ya ƙetarar da 'yan leƙen asirin Jamus biyu zuwa Masar a 1942, babu wata Katharine da ta tilasta shi. Larabawan hamada da suka ceci majinyacin, suka yi masa magani, ba a ba su ko suna ba, alhali su ne masu ƙasar da ake zanawa.

Waɗannan kurakurai na gaske ne, amma ba su rushe ginin ba. Darajar fim ɗin ita ce ya ƙi raba tausayi da hisabi: mai kallo zai zubar wa Almásy hawaye, kuma ba zai iya cewa ba shi da laifi ba. Kaɗan ne daga finafinan yaƙi suka amince wa mai kallo ya ɗauki nauyin biyun tare.