Yadda Shirin Haihuwa Ya Sake a Ƙasar Adar

Ya kai mai karatu, in ka tambayi wata tsohuwa a Barmu ko Kalfu yadda ta haifi ɗanta na fari, za ta ce maka a gidan iyayenta ne. Ciki na wata bakwai sai a maida yarinya gida goyon ciki. Uwa ta tara itace, ta nemi kanwa da kayan yaji, ta aje babbar tukunyar wanka. Shirin ke nan. Miji kuwa ba ruwansa da zancen, don kunya. Nasa shi ne ragon suna.

Ran naƙuda mace na shiga ɗaki ita kaɗai, ta durƙusa, ta yi shiru, domin kuka abin gori ne. Sau da yawa sai yaro ya faɗo kana a kira ungozoma. Ita za ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Kada ka raina tsofaffin nan. Sun iya rarrashi, sun iya riƙon maijego kwana arba'in cur. Amma abu uku sun fi ƙarfinsu: naƙuda mai tsawo, zubar jini, da ciwon da ke shiga ta cibi in an yanke shi da karan dawa ko tsohuwar aska. Ciwon nan na sandare jariri, ya kasa kama nono, ya mutu cikin kwanaki kaɗan. Mutane su ce iska ce. Ashe datti ne ya kai ƙwayar cuta.

A zamanin Turawa gidan likita sai a manyan garuruwa. Asibitin Galmi an buɗe shi a 1950, amma yana can kudu. Mai naƙuda a arewacin Adar, ina ita ina Galmi bisa jaki?

Bayan samun mulkin kai a 1960, aka fito da wata dabara a jihar Maraɗi, daga baya ta iso jihar Tawa. Aka ce tun da likita ba ya isa kowane ƙauye, gari ya zaɓi ungozomarsa a koya mata. Horon bai wuce mako biyu ba. A koya mata wanke hannu da sabulu, da yankan cibi da sabuwar reza, da ɗaure shi da zare mai tsabta, a ba ta ɗan akwatin kayan aiki. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yarda da irin wannan hanya ta kai magani karkara. Aikin ya ceci jarirai, balle da aka haɗa da allurar rigakafi ga masu ciki. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ciwon sandarewar jarirai ya daina zama annoba a Nijar.

Amma fa uwayen ba su daina mutuwa ba. Me ya sa? Domin reza da sabulu ba sa fidda yaron da ya gicciye, ba sa tsaida jini. Waɗannan sai asibitin da ake fiɗa, ake ƙara jini. Shi ya sa daga shekarun 1990 aka sake wa ungozoma aiki: ta san masu ciki na garinta, ta tura su awo, ta raka su gidan likita in naƙuda ta tashi. Daga 2001 aka gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka da yawa. A 2005 da 2006 gwamnati ta yi doka cewa fiɗar haihuwa da awon ciki kyauta ne. Dokar ta sa mata sun ƙaru wajen awo, ko da yake kuɗin da gwamnati ke biyan asibitoci sun riƙa makara, magani ya riƙa yankewa.

To, nan ne matsalar Adar ta fito fili. Daga Kaita zuwa Tawa, inda babban gidan haihuwa na Tasigi yake, wajen kilomita 70 ne. Daga Abalak ya wuce 100. Da damina koramu na yanke hanya. Da rani kuma, bayan an ɗaure damma, maza sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Naƙuda ta yi tsanani da dare, a rasa wanda zai ce a tafi. Surukuwa ta ce a jira safe. Ƙanen miji ya ce ba shi da izini, kuɗin mota ma babu. Fiɗa kyauta ce, amma man fetur ba kyauta ba ne. Kwana biyu yaro na tokare, sai ya mutu a ciki, uwar kuma in ta rayu ta tashi da yoyon fitsari. A 2008 aka soma wani aiki a Bankilare, can yamma, da ƙa'ida guda: kada rana ta fito sau biyu mace na naƙuda. Wajen wannan shekara kuma aka buɗe makarantun mazaje a Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna zancen da dā ake jin kunyarsa. Daga baya suka iso jihar Tawa.

Zubar jini ma an samu makaminsa. Tun wajen 2015 ake ba mai ciki ƙwayoyin misoprostol a awon ƙarshe, a gaya mata ta sha bayan yaro ya fito, ba kafin nan ba. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta wannan hanya ta ragu da fiye da rabi a asibitocin Nijar. Duk da haka, in zane guda ya jiƙe sharkaf da jini, a ɗauke ta nan take.

Sai jego. A shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura mata da yawa na zuwa da kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa. Suka gano zuciya ce ta gaji, kuma kunun kanwa mai yawa da zafin wanka da kwanciya bisa gadon wuta na ƙara mata nauyi. Ba a ce a bar wanka ba. Ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa kuma a rage. Dakashi, nonon farko da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin jariri na fari, a ba shi tun sa'ar haihuwa. Maijego in ta yi zazzaɓi, ko ciwon kai mai sa gani dishi-dishi, ko jini mai wari, ba a jiran arba'in.

Kai da ke shirin bida bana, matarka kuma na da ciki, ga abin da makarantar mazaje za ta tambaye ka. Ka ce ta je awo, aƙalla sau huɗu? Ka aje kuɗin mota a hannun wa? Wane mai amalanke ko mai mota ka yi magana da shi, kuma lambar wayarsa na wurin matarka? Wane ɗan'uwa zai ba da jini in an nema? Sannan ka kira mahaifiyarka da ƙanenka, ka faɗa a gabansu cewa in naƙuda ta kwana, a tafi Tawa ba sai an same ka a waya ba.