Madubin Virginia Norwood

A ranar 23 ga Yuli, 1972, aka harba tauraron ɗan'adam daga sansanin Vandenberg da ke Kaliforniya a Amurka, wanda daga baya aka raɗa wa suna Landsat 1, ɗauke da kyamarori iri biyu. Wadda masana suka ɗora wa buri ita ce ta kamfanin RCA, mai aiki irin na kyamarar talabijin. Ɗayar kuwa, wadda injiniya Virginia Norwood ta tsara a kamfanin Hughes, a matsayin gwaji aka ɗauke ta, domin a cikinta akwai madubi mai kai da komowa fiye da sau 13 a daƙiƙa, kuma da yawa ba su yarda abu mai motsi haka zai jure zama a sararin samaniya ba.

Ba a yi wata guda ba matsalar lantarki ta sa aka kashe kyamarar RCA, aiki duka ya koma kan wadda ake yi wa shakka. Na'urar Norwood tana raba hasken da ke tasowa daga ƙasa gida huɗu: kore, ja, da kashi biyu na wani haske da ke gaba da ja wanda idon mutum ba ya gani. A nan hikimar take. Lafiyayyen ganye yana mayar da wannan ɓoyayyen haske sosai, ruwa kuma yana shanye shi, saboda haka gona mai ƙoshi takan fito da haske a hoto, tafki kuma ya fito baƙi ƙirin. Da irin waɗannan hotuna aka bi sawun janyewar Tafkin Chadi a shekarun fari na 1970 da 1980.

Kowane ɗigo a hoton farko yana wakiltar fili mai faɗin kusan mita 80, wato ƙaramar gona takan ɓace a cikinsa. A 1982 Landsat 4 ya rage shi zuwa mita 30 da kashi bakwai na haske, sannan a 2015 Sentinel-2A na Turai ya zo da kashi 13, wasunsu a mita 10. A ganina matakin da ya fi waɗannan nauyi shi ne na 2008, lokacin da Amurka ta buɗe taskar Landsat kyauta, har ɗalibi a Zariya ko Yamai ya iya sauke hoton da a dā sai mai kuɗi.

Landsat 1 ya yi aiki har zuwa Janairun 1978. Norwood ta rasu a 2023, tana da shekara 96.