Daga Jaguar Zuwa Zerzura: Tarihin Gauraya Gaskiya da Ƙage a Finafinan Ƙasar Ma'adinai

A watan Afrilu na 2014 labari ya karaɗe Agadas cewa an ga zinariya a Djado, can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar. Kafin shekarar ta ƙare sai ga wani labarin daga Tchibarakaten, cikin hamada dab da iyakar Aljeriya. Labarin ya riga motoci isa Tawa da Maraɗi da Damagaram, domin a cikin wayar salula ya yi tafiya: hoton dunƙulen zinariya a tafin hannu, bidiyon injin gano ƙarfe yana ƙara, muryar wani yana rantsuwa cewa wane ya kwana talaka ya tashi da motoci. Wani abin gaskiya ne, wani an ƙara masa gishiri, kuma matasan da suka ɗaure kayansu suka nufi arewa ba su tsaya tantancewa ba.

Shekara uku bayan haka, a 2017, aka fitar da wani fim mai suna Zerzura da aka ɗauka a Agadas da kewayenta da harshen Tamashek. Ba'amurke Christopher Kirkley ne ya ba da umarni, makaɗin gita Ahmoudou Madassane kuma ya fito a matsayin jarumi, shi ne ma ya yi kiɗan fim ɗin. Saurayi ne ya bar gida yana neman ɗan'uwansa da ya shiga hamada neman wani birni mai tarin dukiya. Sunan birnin tsohuwar almara ce ta Larabawa game da wani ɓoyayyen gari a hamadar yammacin Masar, wanda Turawa irin su László Almásy suka yi ta nema a shekarun 1930. Amma mutanen da saurayin ke gamuwa da su a hanya na wannan zamanin ne: masu haƙar zinariya, 'yan ci-rani, 'yan fashi, ga kuma aljannu a tsakaninsu. 'Yan wasan ba ƙwararru ba ne, kuma tare da su aka gina labarin daga abin da suka gani da abin da suka ji ana faɗi. Mutumin Agadas da ya kalli fim ɗin ya san gidan da aka yi irin wannan rashi, ko da sunan garin da aka nufa Tchibarakaten ne.

Wannan salo na gauraya gaskiya da ƙage yana da tsohon tarihi a Nijar, kuma saiwarsa ta riga kamara. Bahaushe ya daɗe da raba tatsuniya da labari, ya kuma san cewa tatsuniya na ɗauke da gaskiyar da ba a iya faɗa wa sarki ko kishiya ido da ido. Abin lura shi ne mai tatsuniya ba ta yaudarar kowa. Tana buɗewa da kalmomin da yara suka sani, tana rufewa da jingina ƙaryar ga Gizo. Kowa a tsakar gidan ya san irin zancen da ake yi.

A fagen fim kuwa, tarihin ya faro ne a bakin kogin Kwara. Jean Rouch ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan gine-gine na gwamnatin mulkin mallakar Faransa, ya haɗu da Damouré Zika, abotarsu ta ɗore har mutuwa. A tsakiyar shekarun 1950 ya ɗauki kamara ya bi Damouré da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel daga Ayorou zuwa ƙasar da ake kira Ghana a yau, suna kwaikwayon 'yan ci-rani a kan hanyar da 'yan ci-rani na gaske ke bi. Kasuwar Kumasi ta gaske ce, tashar jiragen ruwan Accra ta gaske ce, amma mutanen uku wasa suke yi. Kamarar ba ta ɗaukar murya, don haka sai daga baya aka haska musu hotunan suna kallo suna hira, suna tsokanar juna, suna ƙirƙirar abin da suka tuna da wanda ba su tuna ba. Wannan hirar ce ta zama muryar fim ɗin Jaguar, wanda bai fita ba sai 1967. Lokaci biyu ne ke tafiya tare a cikinsa: ranar da aka yi tafiyar, da ranar da ake ba da labarinta.

A Moi, un noir na 1958 Rouch ya ɗauki rayuwar 'yan Nijar masu aikin ƙarfi a unguwar Treichville ta Abidjan. Jarumin, Oumarou Ganda, ɗan dako ne a zahiri, kuma tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indochina, amma a fim ɗin ya ari sunan ɗan wasan Amurka Edward G. Robinson. Ba kowa ne ya gamsu ba. Ousmane Sembène na Senegal ya faɗa wa Rouch a 1965 cewa Turawa masu nazarin Afirka suna kallon mutanenta kamar yadda ake kallon ƙwari. Ganda ya ba da tasa amsar da aiki. Ya karɓi kamara ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, labarin sojan da ya dawo gida da kuɗin sallama abokai suka taya shi cinyewa. Fim ɗin ba ya bin jeren kwanaki: yana Yamai, sai ya koma fagen daga, sai ya dawo, yadda tunanin tsohon soja ke yi. A 1972 Ganda ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame.

A daidai wannan zamanin, a 1966, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani matashi ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauye. Tun a wancan lokacin Alassane ya ga yadda hoton da aka kalla a majigi ke sauka ya zama ɗabi'a.

Yayin da ake wannan a kudu, arewa na gina nata labarin. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka gina garin Arlit a 1969, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974, da ramin Akouta da garin Akokan. Wutar lantarki, asibiti, kantuna da albashi sun ja mutane daga ko'ina a Afirka ta Yamma, har aka riƙa kiran Arlit Paris ta biyu. Faɗuwar farashin yuraniyom a shekarun 1980 da tawayen Abzinawa na shekarun 1990 sun dusashe wannan haske. A 2005 Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya fitar da Arlit, deuxième Paris, ya bi wani dattijo da ya koma garin don ganin ɗansa da tsofaffin abokai. Fim ne na gaskiya zalla, amma rabin abin da ke cikinsa tuna baya ne: Arlit ɗin da mutane ke kwatantawa da baki daban, wanda kamara ke nunawa daban, mai kallo kuma yana kai da komo tsakaninsu. A 2016 Amina Weira, wadda ta tashi a garin, ta yi La Colère dans le vent tare da mahaifinta, tsohon ma'aikacin ma'adinai. Matsalarta ita ce abin da take son nunawa ba ya ganuwa. Tururin yuraniyom ba shi da launi, sai ta nuna iska da ƙura, da ƙarafan da suka fito daga kamfani suka shiga hannun maƙera, da hirar mutane kan cututtukan da suke zargi.

Sauyi mafi girma ya zo ne da katin waya. A 2008 wani matashin makaɗi, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na Tamashek da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. A lokacin ba a buga su a faifai ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta yawo ta bulutut har arewacin Mali, inda Kirkley ya tsince su, ya saka ɗaya a tarin Music from Saharan Cellphones na 2011, sannan ya shiga neman mai muryar. Katin waya ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Wa'azi na kusa da waƙar biki, guntun fim ɗin Kano na kusa da bidiyon haɗarin mota, sau da yawa babu sunan mai abu babu kwanan wata, kowane mai waya kuma da nasa jerin.

Daga haɗuwar Kirkley da Mdou aka samu Akounak Tedalat Taha Tazoughai a 2015, wanda aka ɗora kan tsarin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, aka kuma cika shi da rayuwar Mdou. Da sunansa ya fito. Ƙin amincewar iyaye da kiɗa abu ne da ya faru da shi, tun yana yaron da ya haɗa gitarsa ta farko da wayoyin keke. Gasar makaɗan Agadas a gidajen biki ita ma ta gaske ce. Abin da Rouch ya yi da tallafin hukumomin Faransa, yanzu an yi shi da ƙaramar kamara da gudummawar jama'a ta intanet.

A Tchibarakaten kuwa masu ɗaukar hoton su ne masu haƙar da kansu. Zinariyar wurin a cikin dutse take, sai an haƙa rijiyoyi masu zurfi, ruwan sha kuma da tanka ake kawo shi daga nesa. Bayan da gwamnati ta rufe Djado a 2017, da kuma rufe Cominak a ranar 31 ga Maris 2021, idanu sun ƙara komawa kan zinariya. Bahaushe da Ba'abzine da Batube da ɗan Chadi da ɗan Sudan suna aiki bakin rami ɗaya, kusan kowa da waya a aljihu. Abin da suke turawa gida ta WhatsApp an tace shi: ranar da aka samu ake ɗauka, watannin da aka yi ana cin bashin abinci ba sa shiga. Ɗa ba ya son tayar wa mahaifiyarsa hankali, sai ya tsaya jikin motar wani a ɗauke shi. Niyyarsa alheri ce, amma ƙaninsa da ya ga hoton yana iya sayar da akuyoyin gida ya kama hanya.

Nan ne bambancin yake tsakanin wannan da aikin Ganda ko Madassane. Mai kallon Zerzura ya san an ƙaga labarin, shi ya sa yake iya ɗaukar gaskiyar da ke ciki game da kwaɗayi da rashi. Mai karɓar bidiyo a waya kuwa babu wanda ya faɗa masa inda aka yanke. Duk da haka waɗannan guntayen hotuna su ne shaidar da ma'aikatan suka bari da hannunsu kan yadda aka rayu a ramukan arewa tun 2014, kuma suna salwanta duk ranar da waya ta faɗa rijiya ko aka goge kati don a samu wuri. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a shekarar da aka gano zinariyar, da makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC a Yamai, suna da ɗaliban da za su iya tattara su, su zaunar da masu su suna kallo suna bayani kamar yadda aka yi wa Damouré da Lam, a rubuta wanda ya ɗauka, da wurin, da shekarar.